Satar sauraren waya a Najeriya: wa doka ta ba izini, wa ke sa masa ido?

A farkon watan Afrilun 2023, makonni kaɗan bayan zaɓen shugaban ƙasa, jaridar intanet ta Peoples Gazette ta saki wani sautin murya da ta ce hirar waya ce tsakanin Peter Obi, ɗan takarar jam'iyyar Labour a zaɓen, da Bishop David Oyedepo. Obi ya ce sautin na bogi ne. Cikin 'yan kwanaki Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta nesanta kanta, ta ce ba ta bibiyar kiran kowa, ba ta kuma fitar da shi. Ƙurar ta lafa, amma tambayar da ta taso tana nan, kuma takan dawo duk lokacin da wani odiyon ya fara yawo a WhatsApp: shin ana jin abin da mutane ke faɗa a waya? In ana ji, wace doka ce ta yarda?

Akwai wata tambayar da ake yi a Zamfara, Katsina da Birnin Gwari, wadda ta fito ta ɗaya gefen. Idan har hukuma na iya jin waya, yaya ɗan bindiga zai yi makonni yana cinikin kuɗin fansa da layi ɗaya ba a kai gare shi ba? Tambayoyin biyu kan doka guda suke, kuma ba za a fahimci amsarsu ba sai an fara rarrabe abubuwan da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya.

## Laɓe iri-iri ne

Na farko shi ne sauraren maganar kanta: wani na uku ya shiga tsakanin mai kira da wanda aka kira, ya ji ko ya naɗi abin da suke faɗa, ko ya karanta saƙon tes ɗinsu. A zamanin wayar tangarahu sai an jona waya a jikin waya. Yau daga cikin na'urorin kamfanin sadarwa ake yi, ba ƙara, ba alama. Kukan da layi ke yi ko muryarka da ke dawo maka, waɗanda wasu ke ɗauka shaidar ana sauraro ce, galibi matsalar sabis ce kawai.

Na biyu shi ne bayanan kira. Nan ba a jin kalma ko ɗaya. Abin da ake gani shi ne lambar da ta kira, lambar da aka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, lambar jikin wayar da aka sa layin, da kuma ƙarfen sabis da wayar ta kama a lokacin. Wannan ne abin da jama'a ke kira tirakin. Ana raina shi saboda babu murya a ciki, alhali yana tona asiri fiye da yadda ake zato. Wanda ya ga bayanan kiran mutum na wata uku zai san unguwar da yake kwana, kasuwar da yake yini, wanda yake kira da tsakar dare, da ranar da ya fara neman wani lauya ko wani likita.

Na uku shi ne kutse cikin wayar kanta da manhajar leƙen asiri. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda ko kamfanin layi, ko WhatsApp ɗin kansa, ba ya iya karanta su a hanya. Shi ya sa masu leƙen asiri suka koma neman shiga wayar, inda saƙon yake a buɗe kafin a aika shi ko bayan ya iso. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ita ce ta fi suna. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara a Amurka kan zargin kutse a wayoyin mutane kusan 1,400.

Sai na huɗu, wanda ya fi kowanne sauƙi: ɗaya daga cikin masu maganar ne ya danna rikodin. Duk wanda ya ji odiyo ya fita, kafin ya ɗora wa DSS ko kamfanin layi laifi, ya dace ya fara tambayar wa ke ɗaya bakin wayar, kuma wa ke zaune kusa da shi.

## Inda maganar ta samo asali

Ga mai karatu Bahaushe, hana laɓe ba baƙon abu ba ne. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, kuma Bukhari ya ruwaito hadisin da ke gargaɗin wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so da cewa za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar alƙiyama. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna iyakar da aka yarda hukuma ta ƙetare wannan hani, misali idan rai na cikin haɗari.

Dokokin zamani kuwa a Amurka aka fi gwabza muhawararsu. A 1928, a shari'ar Olmstead, wani mai fataucin giya a lokacin da aka haramta ta, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce jona waya ba binciken gida ba ne tunda jami'ai ba su taka gidan kowa ba. Sai 1967, a shari'ar Katz, kotun ta sauya matsayi ta ce mutum ake karewa, ba gini ba. Shekara ɗaya bayan haka majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta izinin alƙali, a 1978 kuma, bayan badaƙalar Watergate da binciken majalisa kan hukumomin leƙen asiri, aka kafa kotu ta musamman kan sauraron da ya shafi tsaron ƙasa. Duk da haka, a watan Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya fallasa cewa hukumar na tattara bayanan kiran miliyoyin Amurkawa. A lura, bayanan kira ne aka fi kwasa, ba murya ba.

## Abin da ke rubuce a Najeriya

Tushen shi ne sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ambaci sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta waya, ya ce an tabbatar da kariyarsu. Sai dai sashe na 45 ya buɗe ƙofa: ana iya taƙaita wannan 'yanci ta hanyar dokar da ta dace da tsarin dimokuraɗiyya, saboda tsaro, zaman lafiyar jama'a, tarbiyya, kiwon lafiya ko kare haƙƙin wasu. Duk wata gardama kan sauraren waya a Najeriya, a tsakanin waɗannan sassa biyu take gudana.

Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 147, ta ba NCC ikon umartar kamfanonin layi su tanadi na'urorin da za su ba da damar sauraro idan an ba da izini. Ba ta fayyace wa zai nema ba, ko a gaban wa. Wannan giɓi ya daɗe. An fito da daftarin ƙa'idoji a 2013, amma sai 2019 NCC ta fitar da ƙa'idojin sauraron sadarwa bisa doka, waɗanda su ne ake aiki da su.

Ga yadda suka tsara. Hukumar tsaro, kamar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ko DSS, za ta je gaban alƙalin Babbar Kotun Tarayya ta nemi waranti. Dalilan da aka yarda da su biyar ne: tsaron ƙasa, hana aikata laifi ko bincikensa, kare tattalin arzikin 'yan Najeriya, halin ko-ta-kwana ko lafiyar jama'a, da cika yarjejeniyar taimakon juna da wasu ƙasashe. Warantin kan yi aiki na kwana 30, ana kuma iya sabunta shi. Abin da aka naɗa ana ajiye shi shekara uku kafin a lalata. Kamfanin da ya ƙi ba da haɗin kai zai biya tarar naira miliyan 5, da ƙarin naira dubu 500 kowace rana muddin bai bi ba. Hukumomin kuma za su riƙa kai rahoton shekara-shekara ga Antoni Janar na Tarayya.

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta zo ta fuska biyu. Sashe na 12 ya mayar da satar sauraro ba izini laifi, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Sashe na 39 kuma ya ba alƙali ikon umartar a saurari sadarwa idan jami'i ya kawo bayani bisa rantsuwa.

A takarda ke nan, alƙali na tsaye a bakin ƙofa.

## Ƙofofin da ba alƙali a bakinsu

Matsalar ita ce gidan ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Ƙa'idojin 2019 sun yarda a fara sauraro ba waranti idan akwai barazanar kisa ko mummunan rauni nan take, ko abin da ke barazana ga tsaron ƙasa, ko aikin gungun masu laifi. Sharaɗin shi ne a je wa alƙali cikin awa 48. Dalilin wannan a fili yake: wanda aka sace ɗansa daren Juma'a ba zai iya jiran kotu ta zauna Litinin ba. Amma kalmar tsaron ƙasa tana da faɗi, kuma jami'in da ke son sauraron shi ne ke yanke hukuncin ko lamarin ya kai. Idan awa 48 ta cika ba a samu waranti ba, dole a dakata. Abin da kunne ya riga ya ji kuwa, babu dokar da ke goge shi.

Ƙofa ta biyu ta fi faɗi, kuma ta nan aka fi shiga. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira da na mai layi har shekara biyu, su kuma miƙa su idan hukumar tsaro ta nema. Sashen ya ce a mutunta sirrin mutane, a yi amfani da bayanan ta halastacciyar hanya kawai, amma bai gindaya sharaɗin izinin alƙali ba. Ma'ana, nau'in laɓen da ya fi shafar mutane da yawa shi ne wanda aka fi sassauta wa. Tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN a watan Disambar 2020, zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, kowace lamba ta koma ɗauke da suna, hoto da zanen yatsa, don haka bayanan kira suka ƙara nauyi.

An ga yadda wannan ke aiki a zahiri. A 2020 kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya wallafa rahoto kan yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kira wajen kama 'yan jarida: a gano wanda ɗan jaridar ya fi kira, a tsare shi, a sa ya kira shi ya ce su haɗu. Ba a saurari muryar kowa ba, ba a kuma buƙaci hakan ba.

Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ƙarfafa wa ɗan ƙasa gwiwa a gaban bankuna da kamfanoni. A gaban hukumomin tsaro kuwa ƙarfinta ya ragu, domin ta cire binciken laifi da tsaron ƙasa daga cikin yawancin sharuɗɗanta.

## Kayan da aka saya

Gwamnati ba ta bayyana irin na'urorin da take da su, amma wasu abubuwa sun fito fili. A 2013 jaridar Premium Times ta ruwaito cewa gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 don sa ido kan sadarwar intanet. A watan Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta ga alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, waɗanda ke bi ta wani rauni a tsarin da kamfanonin waya na duniya ke musayar bayanai da shi, su gano inda waya take ko su tare kira. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don na'urorin tare saƙonnin WhatsApp da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya.

Abin lura game da irin kayan Circles da Pegasus shi ne ba sa buƙatar haɗin kan kamfanin layi. Ƙa'idojin 2019 an gina su ne a kan cewa jami'i zai kai waranti kamfani. Idan na'urar na ɗakin jami'in, babu wanda zai ce masa ina takardarka.

## Hujjar kowane ɓangare

Hukumomin tsaro na cewa garkuwa da mutane, ta'addanci da damfara duk a waya ake ƙulla su, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake gabatarwa ga manema labarai ta hanyar tirakin aka kama su. A ganinsu, duk wani ƙarin mataki, kamar sanar da wanda aka saurara, zai tona hanyoyin aiki, ya jefa masu ba su bayanai cikin haɗari.

Ƙungiyoyin kare haƙƙi, irin su Paradigm Initiative, ba sa cewa kada a saurari ɗan ta'adda. Ƙorafinsu uku ne. Na ɗaya, abin da ya taɓa 'yancin da ke cikin tsarin mulki ya kamata majalisa ce za ta yi masa doka bayan sauraron jama'a, ba hukumar da ke ƙarƙashin ɓangaren zartarwa ta rubuta ƙa'idoji ba. Na biyu, Antoni Janar da ake kai wa rahoto minista ne a gwamnatin da ke sauraron, don haka mai wasa ne ya zama alƙalin wasa. Na uku, dalili irin kare tattalin arziki zai iya ɗaukar kusan komai, har da ɗan jaridar da ke binciken kwangila ko shugaban ƙwadagon da ke shirya yajin aiki.

Akwai ɓangare na uku da ba kasafai ake jin muryarsa a tarukan Abuja ba: iyalan da aka sace wa mutum. Su ba yawan sauraro ke damunsu ba, rashinsa ne. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, a birni ƙarafan sabis na kusa da juna, ana iya ƙuntata inda waya take zuwa ƙaramin yanki. A daji ƙarfe ɗaya na iya rufe kilomita masu yawa, ɗan bindiga kan hau dutse ya yi kira ya kashe waya, sau da yawa ma da wayar wanda ya sace yake kiran. Ko an san wurin, sanin wuri daban, samun jami'an da za su shiga su fito da mutum da rai daban. Shi ya sa a watan Satumban 2021 aka bi hanya mafi tsauri, aka katse sabis gaba ɗaya a Zamfara, daga baya a wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna.

## Yadda wasu suka yi

Afirka ta Kudu na da dokar sauraro tun 2002, da alƙali na musamman. Duk da haka, a watan Fabrairun 2021 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke wasu sassanta, bayan ƙarar da cibiyar binciken 'yan jarida ta amaBhungane ta shigar saboda an saurari wayar ɗan jaridarta. Kotun ta ce dole a sanar da mutum bayan an gama sauraronsa, sai in hakan zai ɓata bincike, dole alƙali ya san idan lauya ko ɗan jarida ake son sauraro, kuma kwasar bayanan jama'a a dunƙule ba shi da tushe a doka. A Birtaniya, dokar 2016 ta sa makulli biyu: minista ya sa hannu, kwamishina mai matsayin alƙali ya amince.

Nijar ta bi wata hanyar. Dokar da majalisarta ta zartar a ƙarshen watan Mayun 2020, wadda 'yan adawa suka ƙi amincewa da ita, ta ɗora ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa, tare da wani kwamitin sa ido. A Ghana kuwa, a wannan watan na Mayun 2020, kotu a Accra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku kan sayen kayan NSO da ya jawo wa ƙasar asarar kusan dala miliyan 4. Shari'ar kuɗi ce, ba ta sirrin jama'a ba, amma ta nuna yadda ake sayen irin waɗannan kaya a ɓoye.

## Abin da ya shafi mai waya

Naɗar hirar da kake ciki ba ta shiga satar sauraro ba, domin ƙa'idojin 2019 sun halatta idan ɗaya daga cikin masu maganar ya yarda. Ɗan kasuwar da ya naɗi alkawarin biyan bashi, ko wanda ake yi wa barazana a waya, yana kan hanya. Watsa sautin a Facebook ko TikTok kuma magana ce daban, tana iya jawo ƙarar ɓata suna.

Miji ko mata da ya sa manhajar leƙen asiri a wayar abokin zamansa, ko maigidan da ya yi wa yaron shagonsa haka ba da saninsa ba, ya shiga hurumin sashe na 12. Dokar ba ta ware aure ko ubangida ba. Haka wanda ya biya wani kuɗi a bayan fage don a ciro masa bayanan kiran wani: shi da wanda ya ciro duk suna cikin haɗarin tuhuma.

Layin da aka yi wa rajista da sunanka, kai za a fara nema idan an aikata laifi da shi, ko da ka ba wa ƙaninka ko ka yar shekaru biyu da suka wuce. Kuma ba sai ka yi laifi sunanka zai fito ba. Ya isa a ce lambarka na cikin waɗanda wanda ake nema ya kira, ko da mai kai masa katin waya ne kai, ko ɗan acaɓar da ya taɓa ɗaukarsa.

A kotu kuma, kada wanda ake tuhuma ya ɗauka cewa sautin da aka samo ba bisa ƙa'ida ba zai faɗi kai tsaye. Sassa na 14 da 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun ce ana karɓar irin wannan shaida, sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, bayan ya auna girman laifin da girman keta dokar da aka yi. Sashe na 84 ne ke neman a tabbatar da ingancin na'urar da ta fitar da sautin, kuma nan ne lauyoyi za su ƙara fafatawa yanzu da manhajoji ke iya kwaikwayon muryar mutum.

Wanda aka keta masa sashe na 37 na da damar zuwa babbar kotu ya nemi diyya. Sai dai kafin ya shigar da ƙara dole ya san an saurare shi, kuma ƙa'idojin 2019 sun wajabta wa kamfani da jami'ai ɓoye warantin, ba su kuma tanadi sanar da kowa daga baya ba. Wanda aka gurfanar zai iya ganin sautinsa cikin takardun shaida. Wanda aka saurara wata uku ba a same shi da komai ba, babu takardar da za ta zo masa.